Hanyar Gwanja a zamanin tikitin araha

Wani sabon salon yawo ya kama matasanmu masu ɗan hali. Mutum zai zauna da waya yana farautar tikitin jirgin sama mai araha, ya yi rajistar katin tara maki a kamfanin jirgin, ya tashi takanas zuwa wata ƙasa don ya ci abincinta, ya ɗauki hoton kwano ya nuna wa duniya. Ban ga aibun wannan ba, domin wanda ya ci tuwon mutane ya fi saurin ganin mutuncinsu. Sai dai duk Bakanon da ya ce zai yi irin wannan yawo zuwa arewacin Togo, ya ci wagashin Sokodé, ya ci gasasshiyar zabuwar Dapaong, tun a wurin sayen tikiti zai fara ganin abin mamaki. Dole ya bi ta Legas ko Abuja, ya sake hawa wani jirgin zuwa Lome a bakin teku, sannan ya shiga mota ya hauro arewa fiye da kilomita 600, ta Atakpame da Sokodé da Kara da Mango da Tandjouaré. Kakanninsa yamma suke miƙewa da jakunansu, su haye Kwara, su ratsa Bargu ko ƙasar Gurma, sai ga su a waɗannan garuruwa. Su ma abin sawa a baka ne ya fitar da su daga gida, wato goro.

Littafin da ya fi kowane bayyana wannan tsohuwar tafiya shi ne Caravans of Kola: The Hausa Kola Trade, 1700–1900, na Paul E. Lovejoy, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fitar a 1980. Asalinsa kundin digiri na uku ne da marubucin ya kammala a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1973. Littafi ne na tarihin tattalin arziki, da Turanci, ba shi da kauri sosai, ba kuma a rubuta shi don nishaɗi ba. Amma ni a wurina yana cikin mafi kyawun abin da aka rubuta a kan yadda Bahaushe yake tafiya mai nisa da kuɗi kaɗan, kuma ina ganin mai farautar tikitin araha zai amfana da shi fiye da shafukan shawarwarin tafiye-tafiye da yake bi a intanet.

Abin da ya fara ɗaga darajar littafin shi ne inda aka samo labarin. Lovejoy ya karanta rahotannin Turawan da suka ci karo da ayarin Hausawa, irin su Clapperton, wanda ya gamu da wani babban ayari a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, da Barth, da Binger da ya shiga Salga a 1888. Amma bai tsaya nan ba. A 1969 da 1970 ya zauna da tsofaffin fatake da 'ya'yan fatake a ƙasar Kano da wasu garuruwan kasuwanci, ya naɗi maganarsu. A wancan lokaci akwai sauran dattawan da suka taka hanyar da ƙafarsu suna samari, ko suka ji ta daga bakin iyayen da suka taka. Da an ƙara shekara ashirin ba a yi wannan aiki ba, da ƙasa ta rufe su da iliminsu. Bature matafiyi yana ganin ayari ne daga gefen hanya, ya ƙirga jakuna ya wuce. Falke kuwa ya san wanda ya ba da jari, da wanda ya ci bashi, da dalilin da ya sa aka kauce wa wani gari a wata shekara. Littafin ya haɗa idanun biyu, kuma a wurare da yawa idon falken ne ya rinjaya.

Goron da Hausawa suke so a dajin ƙasar Tonawa yake fitowa, wato Asante ta tsakiyar Gana ta yau, ba ya kuma yi a ƙasar Hausa. Cinikinsa tsoho ne. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun ƙarni na 15, kuma Wangarawa ne suka fara riƙe harkar kafin ta koma hannun Hausawa. Lovejoy ya nuna abubuwa biyu da suka haɗu suka bunƙasa ta a ƙarni na 19. A gabas, jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 ya kafa babbar daula mai yawan jama'a da kasuwanni, inda giya ta zama abin kunya, goro kuma ya zama abin wartsake jiki da shari'a ba ta hana ba, ga shi ya shiga aure da suna da gaisuwar manya. A yamma, Tonawa sun riga sun mallaki Gwanja da Dagwamba tun tsakiyar ƙarni na 18, suka kuma tsare baƙin fatake a Salga, ba sa barinsu su shiga daji su sayi goro a gindin bishiya. Haka Salga ta zama matattarar da kowane ayari yake nufa. Wannan bayani ya gamsar da ni, domin ya sa mai karatu ya ga cewa tauna goron da tsoho yake yi a ƙofar gida a Katsina tana da alaƙa da shawarar da aka yanke a fadar Kumasi.

Babin da aka fi tunawa da shi a littafin shi ne na gidajen fataucin nan uku: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Agalawa da Tokarawa tushensu daga Bugaje ne, mutanen da suka gangaro daga ƙasar Abzin suka zauna a ƙauyukan Kano da Katsina suka zama Hausawa. Kambarin Barebari kuwa daga Barno suka fito, cibiyarsu ta zama Gummi. Dukansu baƙi ne da ba su da rabo a sarauta, sai suka mai da asalinsu jari. Suna auratayya a junansu, suna ba wa juna bashi, yaro yana koyon hanya a bayan jakin kawunsa. Lovejoy ya yi wannan bayani ba tare da ƙasƙanta kowa ba, ya kuma nuna cewa asali a nan wata hanya ce ta sanin wanda za ka damƙa wa dukiyarka ya tafi da ita wata shida ba ka ganinsa. Wanda ya san cewa Alhasan Ɗantata Ba'agale ne, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa, zai karanta babin da wani ido dabam.

Inda na fi daɗewa shi ne bayanin tsarin ayari, domin a nan ne maganar araha take. Falke ɗaya da jakuna biyar ba zai iya zuwa Salga ba. 'Yan fashi za su cinye shi kafin ya kai Kwara, in ma ya tsira, kowane sarkin gari zai yanka masa kuɗin wucewa yadda ya ga dama. Sai aka tara mutane ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, ƙarƙashin madugu ɗaya. Madugu ne ke zaɓen hanya da ranar tashi bayan ya nemi shawarar malamin ayari, shi ke raba gardama, shi ke zama da sarakunan hanya a yi cinikin garama da kuɗin fito. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki yana tattara kason kowa gwargwadon yawan kayansa. Da haka tsadar tsaro da tsadar wucewa suke rabuwa a kan kawuna da yawa, har ƙaramin falke mai jaki biyu ya samu shiga. Kayan da aka ɗauko daga gida kuma, kanwa da gabu da baƙaƙen rigunan Kano da kayan fata da dabbobi, ba a ajiye su sai Salga. Ana sayarwa ana saye a kowane babban zango, ribar wannan kasuwa ta biya abincin kwanakin gaba. Hanya ce take ciyar da kanta.

Kamfanonin jiragen araha, tun daga Southwest da ya fara tashi a Texas a 1971 har zuwa Ryanair da easyJet na Turai, a kan rabin wannan dabara suka ginu: a cika kujeru, a raba tsadar tafiya a kan mutane da yawa, a cire duk abin da ba dole ba. Ɗaya rabin ne ba su da shi. Fasinjan tikitin araha ba ya samun komai a hanya sai kashewa. Jaka kuɗinta dabam, abinci kuɗinsa dabam, canza rana kuɗinsa dabam, kuma ba shi da madugun da zai zauna da masu karɓar haraji ya nema masa ragi. Mai zuwa yawon cin abinci shi ya fi jin wannan a jika, domin tsarabarsa nauyi ce da ita. Man kaɗe da daddawa da doyar Bassar ba sa shiga jakar hannu.

Kayan da ayari ke komawa da shi ya fi waɗannan duka wuyar sha'ani. Goro ɗanye ne, rai ne da shi. In ya bushe ya tashi daga aiki, in ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe, in sankara ta shiga ɗaya ta bi sauran. Wanda ya taɓa tsayawa a rumfar 'yan goro ya ga yadda ake kwance huhu ya san aikin da ake magana. A shimfiɗa tabarma a inuwa, a warware igiya, a ɗaga ganyen da ya yi laushi, a zube goron. Mutum ya zauna yana ɗauka ɗaya-ɗaya, yana juya shi a tafin hannu, yana neman ɗan baƙin ɗigon da ke nuna ƙwaro ya shiga. Mai tabo a ware shi gefe don a sayar da wuri ko a ci, goriya a yi mata wurinta, ƙanana a yi musu nasu. Sannan a yayyafa ruwa daidai kima, a sake jera ganye, a ɗaure tamau. Falke yana maimaita wannan bayan 'yan kwanaki, a zango bayan zango, cikin iskar hunturu mai busar da leɓe, har tsawon watannin da zai kai gida. Lovejoy ya ba wannan ɗawainiya haƙƙinta a lissafinsa, ya nuna cewa tsadar goro a Kano ba nisa kaɗai ya jawo ta ba, har da asarar hanya da gwanintar hannun da ya raine shi. Bayan na karanta wannan sashe na daina ganin ƙwaryar goron da ake kaiwa neman aure a matsayin ƙaramin abu.

Sai maganar maki. Shekara ɗaya bayan fitowar littafin, a watan Mayun 1981, kamfanin American Airlines ya ƙaddamar da AAdvantage, tsarin da ya zama abin koyi ga sauran kamfanoni: ka riƙa hawa jirginmu, mu riƙa rubuta maka mil ɗin da ka yi, in sun taru mu ba ka tikiti ko mu ɗaga maka kujera. Yau Ethiopian Airlines yana da ShebaMiles, ASKY na Lome yana da ASKY Club. Tsari ne mai amfani ga ɗan kasuwar da ke tashi kowane wata. Amma mai tikitin araha shi ne ke samun mafi ƙarancin maki, makin kan mutu a kamfanoni da yawa in an daɗe ba a motsa su ba, kuma tikitin da ake cewa kyauta sai an biya harajin filin jirgi a kansa. Littafin Lovejoy ya nuna yadda fatake suka warware wannan matsala ta saka wa mai yawan zuwa. A kowane babban zango akwai maigida. Shi ke saukar da falke, ya ba shi ɗaki da wurin ɗaure dabbobi, gidansa ya dafa masa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi kaya bashi, ya yi masa tafinta a gaban sarki. Ladarsa tana fitowa daga la'adar ciniki. Falken da ya shekara goma yana sauka a gida ɗaya ya tara abin da ya fi ragin farashi, ya tara suna, kuma sunan yana wucewa ga ɗansa. Yaro ya iso garin da bai taɓa gani ba, ya ambaci mahaifinsa, a buɗe masa zaure. Abner Cohen ya ga irin wannan tsari yana aiki a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, amma Lovejoy ne ya bi shi baya zuwa kan hanyar da ta haife shi.

Ga mai karatu na Togo, daɗin littafin shi ne ya mai da garuruwansa tsakiyar taswira. A idon jirgin sama da na ma'aikatun Lome, Sokodé da Mango da Dapaong can ƙurya suke, ƙarshen layi. A idon madugu kuwa mararraba ce. Reshen kudu na hanyar yana fitowa daga Nikki da Jugu ya ratsa ƙasar Kotokoli, kuma unguwar Didaure ta Sokodé baƙin 'yan kasuwa Musulmi ne suka kafa ta a kan wannan hanya. Reshen arewa yana bi ta ƙasar Gurma ya sauka Sansanne Mango a bakin kogin Oti, daga nan ya nufi Yandi da Salga. Abin da ya sa har yau za ka yi ciniki da Hausa a kasuwannin nan ke nan, ka kuma tarar da zango a kusan kowane gari. Abincin bakin titi ma shaida ne. Da asuba a tashar Sokodé ga mai koko da ƙosai, da rana ga shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, da yamma ga mai tsire yana barbaɗa ƙuli da yaji, kusa da shi Bafillatana da farantin wagashi, wani fari wani an rina bayansa ja, a yanka a soya a jefa a miya. Matashin da ya zo daga Kano da kyamara yana neman baƙon abinci zai tarar rabin abin da ke gabansa ɗan'uwan na gidansu ne, wanda ya yi ƙaura ya canza kama.

Duk da wannan yabo, akwai wuraren da littafin ya bar ni da ƙishi. Na farko, bai daɗe a bakin murhu ba. Ayarin mutum dubu yana buƙatar hatsi da ruwa da itace da ciyawa kowace rana ta Allah. Mata suna cikin ayari, Clapperton ma ya gan su da kaya a ka, kuma su ne ke girki, su da matan ƙauyukan da ke fitowa da abincin sayarwa. Na so a ce an ba su babi guda, a ji irin guzurin da ake ɗauka, da abin da Bahaushe ya koya ci a Bargu da Dagwamba, da abin da ya koyar. Marubucin ya fi damuwa da jari da riba da asali, abin da digirinsa ya nema ke nan, amma littafi a kan abin taunawa ya cancanci ɗan ƙamshin miya.

Na biyu ya fi nauyi, kuma a Tandjouaré ake ganinsa. Idon littafin yana kan fatake da sarakunan da suke biya, waɗanda aka ratsa ta gonakinsu kuwa ba a jin muryarsu sosai. Anufo na Mango, waɗanda ake kira Cakosi, mayaƙa ne da suka zauna a bakin Oti a ƙarni na 18, suka ɗora wa maƙwabtansu haraji, suna kai musu hari suna kwasar hatsi da dabbobi da mutane. Moba na yankin Tandjouaré suna cikin waɗanda suka sha wannan wuta. A jikin dutsen Nok, kusa da Nano, da kuma Mamproug, akwai kogunan da suka gina rumbuna a ciki. Yau da tsanin ƙarfe ake sauka daga saman dutsen zuwa wani dogon tsagi a jikin gangaren, ƙasa kuwa fili ne shimfiɗe har iyakar gani. A cikin tsagin rumbunan laka ne jere, fiye da ɗari, wasu dogaye wasu masu tumbi, an gina su da yumɓu da ciyawa, bakinsu ƙarami daidai shigar hannu ko ɗan yaro. Akwai ruwan da ke tsattsafowa daga dutsen. Nan mutane suke hawa da gero da dawa da 'ya'yansu su ɓuya har mahara su wuce. Togo ta sa wurin a jerin wuraren da take nema wa shaidar UNESCO tun shekarar 2000. Zaman lafiyar da madugu yake saya a Mango da garama, a hannun waɗannan mahara yake sayensa, kuma bayi suna cikin hajar da ke yawo a kan hanyar Gwanja. Lovejoy bai ɓoye bauta ba, shi ne ma ya zo ya rubuta Transformations in Slavery a 1983, littafin da ya zama madogara a fannin. Amma a wannan littafi na goro, bawa yakan fito ne a matsayin ɗan dako ko kaya a lissafi. Bahaushen da zai yi alfahari da kakanninsa fatake, kuma yana da dalilin yi, ya kamata ya sauka tsanin Nok kafin ya gama alfaharin.

Littafin ya rufe a 1900, daidai lokacin da hanyar take mutuwa, kuma ya bayyana farkon ciwon da kyau. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, Salga ta ɓalle daga hannun Tonawa, su kuma suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salga, mazaunanta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra da sauransu. Turawan Jamus da Faransa da Ingila suka yanka ƙasar gida-gida, kowa ya kafa shingen kwastan. Sai jirgin ruwa ya zo da arahar da jaki ba zai iya karawa da ita ba. Alhasan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara gane haka, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 magana ta ƙare. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka dasa irin goron Gwanja a gonakinsu, Shagamu ta maye gurbin Salga. Tun daga nan duk manyan hanyoyin yankin suka juya fuska zuwa teku, kuma jirgin sama wannan taswira ya gada.

Shi ya sa tikitin araha na gaskiya bai iso mana ba tukuna. Air Afrique, wanda ya haɗa biranen ƙasashe renon Faransa tun 1961, ya durƙushe a 2002. ASKY ya fara tashi daga Lome a Janairun 2010 da haɗin gwiwar Ethiopian Airlines, ya kuma yi aikin a zo a gani wajen haɗa Legas da Abuja da Yamai da Wagadugu da Akra ba tare da an bi ta Faris ba. Amma kamfani ne na manyan birane, kuma kaso mai tsoka na kuɗin tikiti a Afirka ta Yamma haraji ne da kuɗaɗen filin jirgi. Turai ta samu jiragen araha ne bayan ta buɗe sararin samaniyarta ga kamfanonin junanta a shekarun 1990. Mu mun sa hannu a kan ƙudurin Yamoussoukro na buɗe namu sararin a 1999, Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Janairun 2018 ta kuma ɗora wa Faure Gnassingbé na Togo jagorancinta, sannan a Disambar 2024 shugabannin ECOWAS suka amince a soke wasu haraji a rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin ɗari daga farkon 2026. Wanda ya karanta Lovejoy zai gane wannan zama nan take, domin cinikin garama ne, sai dai an daɗe ana yinsa. A ƙasa kuma hanyar ta sake yin nauyi. Yankin Savanes, inda Tandjouaré da Dapaong suke, ya shiga ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a Yunin 2022, bayan harin Kpékpakandi da ya kashe sojoji 8 a watan Mayun shekarar. Duk da haka manyan motoci daga tashar jiragen ruwan Lome suna bi ta nan zuwa Cinkassé da Burkina Faso da Nijar, a jere, wani lokaci da rakiyar soja a can gaba, tsarin da madugu ba zai ga baƙonsa ba. Mai niyyar zuwa yawon cin abinci a yankin ya fara tambayar mutanen gari halin da hanya take ciki kafin ya tambayi farashin tikiti.

Game da salon rubutun, Lovejoy ba mai ado ba ne. Jimlolinsa a miƙe suke, akwai sunayen garuruwa da na dangi da kan yi wa mai karatu yawa, kuma alƙaluman da ya bayar na yawan goro da riba ƙiyasi ne da ya gina daga shaidu warwatse, shi da kansa yana taka-tsantsan da su. Wannan taka-tsantsan ɗin yana cikin abin da ya sa na yarda da shi. Ya bar kalmomin sana'ar da Hausarsu, madugu da jagaba da fatake da asali, bai narkar da su cikin Turanci ba, har mai karatu Bahaushe yakan ji kamar da shi ake hirar. Wanda zai karanta shi ya haɗa da The Hausa Factor in West African History na Mahdi Adamu, wanda maɗaba'ar Zariya ta fitar a 1978, domin shi ya fi faɗaɗa kan zangunan da aka bari a hanya.

Buƙatata biyu ce. Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga littafin, ta kuma sa a mai da shi Hausa, domin daga bakin Hausawa aka ɗauko rabinsa, kuma jikokin waɗanda suka ba da labarin suna rumfunan goro a Kano da Sakkwato da Maraɗi, yawancinsu ba da Turanci suke karatu ba. Sannan babin da ya rage, na masu girki da masu saukar baƙi da waɗanda suka ɓuya a dutse, yana jiran mai rubuta shi daga wancan ɓangaren hanyar. Jami'ar Kara, wadda ta buɗe a 2004, tana da ɗaliban da suke jin Moba da Kotokoli da Anufo da Hausa, kuma a zangunan Mango da Sokodé da Dapaong akwai tsofaffin da kakanninsu suka sauki ayari.